Hoton Ciki a Jikin Mutum da Dabba: Iyakar Abin da Na'urar Sikanin Ke Iya Faɗa

A garuruwanmu yanzu da wuya ka ga babban asibiti da wuraren sikanin ba su kewaye shi ba. Mai ciwon ciki, mai ciwon mara, matar da ta yi ɓatan wata, dattijon da fitsari ke yi wa gardama, kowa ya san hanya. Da yawa ma ba sa jiran likita ya tura su. Su biya kuɗi, a shafa musu man nan mai sanyi, a zagaya kan na'ura a bisa ciki, su karɓi sakamako, sannan su nufi likita ko mai kemis suna cewa, "Ga abin da aka gani." Ban ga laifinsu ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma duk wanda ya daɗe yana shan magani bisa kintace dole ya yi marmarin abin da zai leƙa cikinsa ya gaya masa gaskiya.

Sai dai na'urar tana da iyaka, rashin sanin iyakar kuwa yana jawo asarar kuɗi da fargaba marar dalili, wani lokacin har da sakaci da ciwo na gaske don an ce "ba a ga komai ba". Abin da sikanin ke nunawa shi ne siffar kayan ciki: girman hanta, kaurin bangon mafitsara, santsin gefen ƙoda, ko abin da ke cikin wani ƙullutu ruwa ne ko nama ko tsakuwa. Juya wannan siffa ta zama sunan ciwo aiki ne na mutum, mutumin da ya san yadda lafiyayyen abu yake kuma ya san tambayar da ta kawo mara lafiya. Likitocin dabbobi, waɗanda marasa lafiyarsu ba sa magana, suna cikin waɗanda suka fi kowa fahimtar wannan, shi ya sa na ga ya dace a kalli ɓangarorin biyu tare.

Wanda ya taɓa tsayawa a gindin dutse ya ƙwala kira ya ji amsa-kuwwa ta dawo masa ya riga ya san tushen aikin: gwargwadon nisan dutsen, gwargwadon jinkirin amsar. Kan na'urar da ake ɗorawa a fata yana tura sauti cikin jiki, ya yi shiru, ya saurari abin da ya dawo, ya sake turawa, sau dubbai a sakan guda. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa har zuwa sau 20,000 a sakan. Kare yana kaiwa wajen 45,000, kyanwa ta haura 60,000. Sautin sikanin kuwa yana kaɗawa daga sau miliyan 2 zuwa miliyan 15 ko fiye, don haka ko karen da aka kwantar ana duba shi ba ya jin komai. Abin da ke samar da sautin wani abu ne da 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano tsakanin 1880 da 1881: akwai nau'in duwatsun da in aka matsa su sai su fitar da lantarki, in aka sa musu lantarki kuma sai su yi rawa. Abu ɗaya ke nan yana aikin baki yana aikin kunne.

Na'urar tana lissafi ne bisa cewa sauti yana gudun mita 1,540 a sakan cikin naman jiki. Amsar da ta taso daga zurfin santimita 10 tana dawowa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa 7,000 na sakan, daga wannan ɗan lokacin ne kwamfuta ke sanin inda za ta ɗiga ɗigo a allo, ƙarfin amsar kuma shi ne hasken ɗigon. Ruwa ba ya mayar da sauti, sai ya fito baƙi wuluk. Haka mafitsara cike da fitsari take, haka lafiyayyar matsarmama. Hanta da saifa suna fitowa toka-toka. Tsakuwa tana mayar da kusan duk sautin, sai ta yi fari ƙal, bayanta kuma a ga inuwa baƙa domin babu abin da ya wuce. Da wannan inuwar ake tabbatar da tsakuwar matsarmama.

Babban abokin gabar sikanin shi ne iska. Inda nama ya haɗu da iska, fiye da kashi 99 cikin 100 na sautin yana komawa baya. Dalilin shafa man ke nan, don kada iska ta shiga tsakanin fata da na'ura. Dalilin ke nan kuma da ya sa hanji mai cike da iska yake rufe duk abin da ke bayansa. In aka ce ka zo ba ka ci komai ba na awa 6 zuwa 8, ana so ne iskar hanji ta ragu, matsarmama kuma ta cika, don tana tsukewa da zarar an ci abinci mai maiƙo. In aka ce wa mace ta sha ruwa ta riƙe fitsari, ana so mafitsara ta ture hanji gefe ta buɗe hanya zuwa mahaifa. Mai zuwa bai kiyaye waɗannan ba, da mai duba shi a haka bai ce ya dawo ba, sun haɗu sun rage darajar sakamakon tun kafin a fara. Akwai kuma cinikin da ba makawa: sauti mai saurin kaɗawa yana ba da hoto tar amma ba ya nisa, mai jinkirin kaɗawa yana nisa amma hoton yana dishi-dishi. Shi ya sa cikin jariri ko na kyanwa yake fitowa fes, na mutum mai ƙiba ko na saniya kuwa sai an yi da gaske.

Shigowar na'urar asibiti ta biyo ta masana'antar ƙarfe ne. A birnin Glasgow na Sikotlan, masu haɗa jiragen ruwa da tukwanen tururi suna amfani da sauti su gano tsaga a cikin walda. Ian Donald, farfesan haihuwa a jami'ar birnin, ya ɗauki ƙarin mahaifa da jakunkunan ruwa da aka ciro daga mata a tiyata, ya kai su masana'antar Babcock & Wilcox da ke Renfrew a 1955, aka ɗora musu na'urar duba ƙarfe, ya ga amsar mai ruwa daban take da ta mai nama. Shi da wani matashin injiniya, Tom Brown, da likita John MacVicar suka ci gaba da aikin har suka buga sakamakonsu a mujallar Lancet a 1958. Abin da ya sa abokan aikinsu suka fara yarda shi ne wata mata da aka riga aka yanke cewa sankarar tumbi ce ta cika mata ciki da ruwa, ba sauran abin yi. Na'urar ta nuna ƙatuwar jakar ruwa ce a gidan ƙwai, aka yi tiyata aka cire, matar ta warke. Tun daga wannan labarin na farko ana iya ganin inda ƙarfin sikanin yake: tambaya ce ƙwaya ɗaya, ruwan nan a sake yake cikin ciki ko a ƙunshe, ya kuma amsa ta.

Sauran hanyoyin leƙa ciki kowace da fagenta. Hoton eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, ya fi dacewa da ƙashi da huhu. Na'urar CT, da aka fara gwadawa a kan mara lafiya a Landan a 1971, tana yanka jiki falle-falle da hasken eksire, iska da ƙashi ba sa tare ta, amma hasken da take zubawa a jiki yana da yawa, ga tsada. Na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, ba ta amfani da wannan haske, ta fi kyau ga ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi, sai dai samunta ma aiki ne. Gyambon ciki kuwa, wato olsa, sai an zura bututu mai kyamara ta baki ake ganinsa. Dabba ba ta kwanciya shiru a cikin CT ko MRI sai an yi mata allurar barci, abin da ya ƙara sa sikanin ya zama na gaba-gaba a asibitin dabbobi: a aske gashin ciki, mutum biyu su riƙe, a mafi yawan lokuta shi ke nan.

To, a nan gizo ke saƙar: kafin ka ce abu ya kumbura sai ka san yadda yake in lafiya lau. A babban mutum tsawon ƙoda yakan kasance tsakanin santimita 9 da 12, saifa ba ta cika wuce 12 ko 13 ba, bangon matsarmama bai kamata ya haura milimita 3 ba ga wanda bai ci abinci ba. Amma waɗannan alƙaluma ba su san wanda ke kwance a gado ba. Saifar yaron da ya tashi inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu takan fi ta littafi girma. Tun kafin zuwan na'ura ma likitoci suna auna yaɗuwar zazzaɓin a gari ta hanyar lalube saifar yara da hannu. Mai sikila kuwa saifarsa takan kumbura yana ƙarami, sannan ta yi ta ƙanƙancewa saboda toshewar jijiyoyinta har wani lokacin a neme ta a rasa. Rahoton da ya ce "ba a ga saifa ba" abin tayar da hankali ne ga wani, ga mai sikila ɗan shekara 20 kuwa abin da ake tsammani ne.

Wannan matsala ta ma'auni ita ta tara masana a Yamai a watan Oktoba na 1996, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, a kan cutar tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta tana fitowa daga jikin dodon koɗi a ruwan tafki da na noman rani, ta huda fatar mai wanka ko mai aiki a ruwa, ta zauna a jijiyoyin jini tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke ɓarna. Nau'in da ke sa fitsarin jini yana kauraro bangon mafitsara, ya fitar mata da tsiro, ya matse bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda har ƙodar ta kumbura da ruwa. Ɗaya nau'in, na hanji, yana sa tabo ya zagaye jijiyoyin cikin hanta, jini ya rasa hanya, saifa ta girma, ƙarshe mutum ya yi aman jini. Gwajin fitsari da na bayan gida suna nuna akwai ƙwai, amma ba sa nuna yawan ɓarnar. Sikanin ya nuna ta, kamar yadda aikin da aka yi a yankin Jazira na Sudan a shekarun 1980 ya tabbatar. Matsalar ita ce kowane mai bincike da irin awonsa, abin da wani ya kira mai tsanani wani ya kira matsakaici.

Taron Yamai, da wanda ya biyo bayansa a Belo Horizonte ta Barazil a 1997, suka fitar da tsari guda. Aka fayyace inda za a ɗora na'ura da yadda za a karkata ta. Aka ce sai mafitsara ta cika kafin a auna bangonta, kaurin da ya wuce milimita 5 kuma a ƙirga shi matsala. In an ga ƙoda ta buɗe, a sa mutum ya yi fitsari a sake dubawa, don cikar mafitsara kaɗai tana iya sa ta yi kamar ta kumbura. Ga hanta aka zana hotunan misali, daga A zuwa F, mai dubawa ya kwatanta abin da ke gabansa da su. Awon saifa da jijiyar hanta kuma aka ce a daidaita shi da tsayin mutum. Ina ganin wannan ɗaya ne daga cikin ayyuka mafiya amfani da aka yi wa sikanin a nahiyarmu, domin ya mayar da "a ganina" ya zama abin da mutum biyu za su iya auna su dace. Da shi ne aka iya nuna cewa yaran da aka ba maganin praziquantel mafitsararsu takan koma daidai cikin 'yan watanni, tsohon tabon hanta kuwa ba ya saurin gushewa. Wanda ya girma a bakin tafki yana ganin fitsarin jini kamar al'adar yarinta ya kamata ya san wannan, musamman da yake tsargiyar mafitsara tana cikin tabbatattun abubuwan da ke kawo sankarar mafitsara.

Likitan dabbobi shi kullum a cikin wannan matsala yake kwana, don kowace dabba da nata daidai. Doki ba shi da matsarmama, raƙumi ma haka; wanda ya je nemanta ya ɓata lokacinsa. Ƙodar saniya ƙulli-ƙulli take, kowane mahauci ya san haka, alhali ƙodar tunkiya ko ta kare mai irin wannan siffa ta lalace ke nan. Ƙodar hagu ta saniya ma tumbi yana ture ta har ta koma wajen dama. Ƙodar kyanwa ba ta cika wuce santimita 4 da ɗan kai ba. A karnuka kuwa, saboda wani bai kai girman zomo ba wani ya kusa ɗan maraƙi, sai a kwatanta tsawon ƙodar da faɗin babbar jijiyar jini ta cikin dabbar kanta. Wasu alluran kwantar da kare suna kumbura saifa, likitan da ya manta ya yi allurar sai ya rubuta ciwon da shi ya jawo shi. Kuma dabbar ba za ta ce "nan ne ke min zafi" ba. Duk labarin daga bakin mai ita yake fitowa: yaushe ta daina cin abinci, tana yawan shan ruwa, yaushe rabonta da barbara.

Ɗauki karya da ta yi laushi, ta daina ci, tana ta shan ruwa, makonni kaɗan bayan lokacin barbararta ya wuce. Sikanin ya nuna mahaifa ta buɗe cike da ruwa mai duhu-duhu. Siffar kaɗai ba ta bambance mugunya da majina ba, amma in aka haɗa da wancan labari da gwajin jini, likita ya san mahaifa ce ta cika da mugunya kuma tiyata ba ta jira gobe. Ga juna biyu kuwa, ana ganin bugun zuciyar 'ya'yan tun wajen kwana 25 cikin kwana 63 na cikin karya, amma ƙirga su da sikanin yakan ba da kuskure, don ana iya ƙirga ɗaya sau biyu. Eksire bayan kwana 45, lokacin da ƙashi ya yi ƙwari, shi ya fi. Tsohon kare irin Alsatian, wanda masu gadi da masu sha'awa suke ajiyewa a biranenmu, yakan zo da ƙullutu a saifa. Na'urar za ta nuna ƙullutun da jinin da ya zuba a ciki, amma ba za ta iya cewa gudan jini ne kawai ko sankarar jijiyar jini ba, ga shi makomar biyun ta sha bamban. Sai an cire an duba naman a ɗakin gwaji. Haka lamarin yake a hantar mutum da nonon mace: sikanin yana cewa ga ƙari, madubin ɗakin gwaji ke faɗin irinsa.

Akwai inda siffa kaɗai ta wadatar. Kyanwar Farisa mai dogon gashi tana gadon wata cuta da ke cika ƙoda da jakunkunan ruwa, binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya same ta a fiye da kashi ɗaya bisa uku na irin, kuma ƙwayar gadon da ke jawo ta ita ce takwarar wadda ke jawo irin cutar a mutane. Baƙaƙen da'irori ne a cikin ƙoda, ba sa ɓuya. Masu kiwo suka riƙa duba kyanwa kafin a haɗa ta, daga baya gwajin gado ya zo. A wajenmu, inda tumaki da awaki da shanu suka fi kyanwar Farisa muhimmanci nesa ba kusa ba, tambayar da ta fi sauƙi ita ce ta fi riba: akwai ciki ko babu? Ana gane cikin goɗiya tun wajen mako 2, na saniya wajen wata guda, na tunkiya daga wajen kwana 40 har a san ɗaya ne ko tagwaye. Duk mai zuwa kwata ya san ana yanka dabbobi masu ciki, a farke a tarar da ɗa, kuma likitocin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun daɗe suna rubutu kan wannan asara. Na'urar hannu guda a ƙofar mayanka, a hannun wanda aka koya masa wannan tambaya kaɗai, za ta rage ta.

Cutar da ta fi ɗaure mutum da dabba a wannan fage ita ce ta jakar ruwa da tsilar kare ke kawowa. Tsilar ƙarama ce, ba ta wuce milimita 6 ba, tana zaune a hanjin kare ba tare da ta dame shi ba. Ƙwanta yana fita da kashinsa, tunkiya ko raƙumi ko saniya ta ci a ciyawa, sai ya zama jakar ruwa a hanta ko huhu. Mahauci ya ga hanta mai ƙuraje na ruwa ya yanke ya jefa wa kare, zagaye ya cika. Mutum ba ya kamuwa ta cin naman; yana kamuwa ne in ƙwan ya shiga bakinsa daga hannu ko ruwa ko ganye. Jakar takan yi shekaru tana girma shiru, mafi yawa a hanta. A Turkana ta arewacin Kenya, inda cutar ta yi yawa, an zagaya da na'urar sikanin da janareta a shekarun 1980 ana duba makiyaya, aka gano masu ɗauke da ita da ba su san suna da komai ba. Likita Hassen Gharbi na Tunisiya ya kasa siffofin jakar a 1981, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta rabon a farkon shekarun 2000. A nan siffa ce ke zaɓar magani: mai rai da ruwa zalla ana iya ba da albendazole ko a tsotse ta da allura cikin kulawa, mai 'ya'ya a ciki takan buƙaci tiyata, wadda ta daskare ta mutu kuwa a ƙyale ta ana leƙawa lokaci-lokaci. Wanda bai san cutar ba, ya ga ruwa a hanta ya soka allura haka kawai, yana iya watsa ta cikin ciki ko ya jefa mutum cikin mummunan hali nan take. Karen da ya kawo ta kuwa, ko an yi masa sikanin ba za a ga komai ba. Maganin tsutsa a kai a kai da hana shi ɗanyen kayan ciki su ne abin yi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Siffa da aiki ba koyaushe suke tafiya tare ba. Ƙoda tana iya tsayawa cak cikin kwana biyu saboda gudawa mai tsanani ko wani magani, hotonta kuma ya fito lafiya lau. Mai ciwon suga ƙodarsa tana iya lalacewa girmanta bai ragu ba. Sai gwajin jini da na fitsari suke faɗin aikin ƙoda, a mutum da kyanwa duka. Mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B yana iya shekaru hantarsa sumul a allo, ƙwayar tana aikinta. Gwajin jini ke gano ta. Amfanin sikanin gare shi yana zuwa ne ta wata fuska: wanda likita ya ga yana cikin haɗarin sankarar hanta ana so a duba shi duk wata 6, don a kama ƙari yana ƙarami. Taifot ba a tabbatar da shi da sikanin. Rahotannin da ke yawo a hannun mata ɗauke da "infekshan" saboda an ga ɗan ruwa a bayan mahaifa suna buƙatar a yi musu tambaya, domin ɗan ruwa kaɗan a wurin abu ne da ake gani a lafiyayyar mace, musamman a tsakiyar wata lokacin fitar ƙwai. Mata nawa ne suka sha allurai da ƙwayoyi na makonni a kan wannan layi guda? Haka ƙaramar jakar ruwa a gidan ƙwai, wadda sau da yawa takan baje da kanta cikin wata biyu ko uku, amma an riga an gaya wa baiwar Allah tana da "ƙari" ta kwana ba barci.

Yawan dubawa ba tare da dalili ba shi ma yana da nasa illar, Koriya ta Kudu ta gani a jikinta. Daga ƙarshen shekarun 1990 asibitoci a can suka riƙa ƙara sikanin maƙoshi a kan gwajin lafiya na yau da kullum, a kuɗi kaɗan. Zuwa 2011 yawan waɗanda aka ce suna da sankarar ƙululun maƙoshi ya ninka na 1993 sau 15, yawan masu mutuwa da ita kuwa bai canza ba. Dubban mutane aka yi wa tiyata, da yawa suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa, wasu muryarsu ta taɓu, a kan ƙananan ƙari da mafi yawansu ba za su taɓa cutar da su ba. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ƙarin yana nan. An duba ne ba tare da tambaya ba, aka kuma ɗauki duk abin da aka gani a matsayin abin cirewa.

In tambayar ta fito fili kuwa, ba abin da ya kai sikanin rahusa da sauri. Matar da ta yi ɓatan wata ta zo da ciwon mara da jiri: cikin yana mahaifa ko a bututu, akwai jini a ciki ko babu? Minti biyar sun isa, kuma rai ne ake ceta. Wanda ya yi hatsarin mota: jini ya taru a gefen hanta ko saifa? A Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin birnin, an yi amfani da nau'in sikanin da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara masu sikila; wanda gudun ya kai santimita 200 a sakan yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai a ɗora shi kan maganin hydroxyurea. Ma'aikatan asibiti aka horar suka riƙa yin awon, ana bibiyar aikinsu har hannunsu ya faɗa.

Na'urorin suna ƙara araha, har akwai waɗanda ake jonawa da wayar hannu, don haka hannayen da za su riƙe su za su ƙaru ko an so ko ba a so ba. A Nijeriya akwai hukumar rajistar ma'aikatan ɗaukar hoto, da majalisar likitoci, da ta likitocin dabbobi, kuma haƙƙin mai biyan kuɗi ne ya tambayi wane ne ya duba shi, wane ne ya sa hannu a rahoton. Amma likitocin hoto ba za su isa kowane ƙauye ba a nan kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar kowace mai juna biyu ta samu sikanin sau ɗaya kafin mako 24, don a watannin farko ana iya ƙiyasta kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba, a watannin ƙarshe kuwa kuskuren yana kaiwa mako 3. Ungozomar asibitin karkara za ta iya wannan in aka taƙaita mata aikin: zuciyar ɗan tana bugawa, ɗaya ne ko tagwaye, kai ne a ƙasa ko ƙafa, mabiyiya ta tare hanya ko ba ta tare ba, ruwan ya isa, watannin nawa ne. A koya mata waɗannan shida, a sa mai duba hotunanta lokaci-lokaci, a kuma gaya mata ƙarara cewa duk abin da ya fita daga cikinsu ta tura shi babban asibiti ba tare da ta sa masa suna ba.